Yadda ake tara katunan sabon tauraron besbol, da yadda ake gane ainihin kuɗinsu

A watan Maris na 2025 an yi gwanjon wani ɗan kati mai faɗin inci 2.5 da tsayin inci 3.5, aka saye shi dala miliyan 1.11. Hoton da ke jikinsa na Paul Skenes ne, mai jefa ƙwallo a ƙungiyar Pittsburgh Pirates, wanda a lokacin ko shekara bai cika ba a babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Albashinsa na shekarar dala 875,000 ne, ka ga kenan katin ya fi abin da mai hoton zai kai gida. Wani yaro ɗan shekara 11 daga Los Angeles ne ya buɗe fakiti ya dace da shi. Ƙungiyar Pirates ta yi wa iyalinsa tayin kujeru biyu a filin wasanta har tsawon shekara 30 in za su ba ta katin, suka ƙi, suka kai shi gwanjo, kamfanin kayan wasanni na Dick's Sporting Goods ya saya.

Irin wannan labarin ne ke jawo mutane cikin harkar, kuma shi ne ke sa su tafka asara. Wancan katin guda ɗaya ne tak a duniya: yana ɗauke da sa hannun Skenes da ƙyallen da aka ciro daga hannun rigar da ya sa ranar wasansa na farko. Amma a shekarar da aka buga shi an buga wasu katunan Skenes ɗin birjik, fuska ɗaya, riga ɗaya, waɗanda kuɗin aiko maka da su ya kusan kai kuɗinsu. Aikin mai tara kati gaba ɗaya shi ne sanin abin da ya raba waɗannan biyun, da sanin lokacin da ya kamata ya sa hannu a aljihu.

Da farko ka san wane ne sabon shiga

MLB tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. A ƙa'idarta, ɗan wasa sabon shiga ne muddin a shekarun baya bai tsaya dukan ƙwallo fiye da sau 130 ba, ko bai jefa fiye da zagaye 50 ba, ko bai yi fiye da kwana 45 a jerin 'yan wasan babbar ƙungiya ba. Wannan ƙa'idar gasa ce. Masu buga kati suna da tasu, kuma ba kullum suke haɗuwa ba.

Mike Trout ya ci kyautar gwarzon sababbin shiga a 2012, amma katinsa na sabon shiga na 2011 ne, domin a watan Yulin 2011 ya fara leƙo babbar gasa kuma kamfanin buga kati na Topps ya sa shi a jerinsa na ƙarshen shekarar. Aaron Judge kuwa akasin haka: ya fara bugawa New York Yankees a watan Agustan 2016, amma sai a 2017 aka buga katunansa na sabon shiga, shekarar da ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 52. Wanda ya je ya sayi katin Trout na 2012 yana zaton na fari ne, ya sayi na shekara ta biyu, kuma kasuwa ba ta ba wannan daraja sosai.

Tun daga 2006 an sauƙaƙa abin. Katin sabon shiga na gaskiya yana ɗauke da ƙaramin tambari mai haruffan RC a fuskarsa. In ba ka ga tambarin ba, ka dakata. Sai dai ganinsa ma bai wadatar ba, don a shekara guda ɗan wasa ɗaya yana iya samun ɗaruruwan katuna daban-daban masu wannan tambari.

Katuna uku da za ka sa wa ido

Tun 2010 kamfanin Topps ne kaɗai ke da lasisin buga katunan MLB da tambarin ƙungiyoyi, kuma a watan Janairun 2022 kamfanin Fanatics ya saye shi. Idan ka ga kati an goge tambarin hula da sunan ƙungiya a rigar ɗan wasa, wanda ba shi da lasisi ne. Yana iya yin kyau a ido, amma ranar sayarwa za ka ga bambanci. Bowman, sunan da za ka riƙa ji, shi ma na Topps ne.

Na farko shi ne wanda aka rubuta wa 1st Bowman a kusurwa. Ana buga shi tun ɗan wasa yana ƙananan gasanni, sau da yawa 'yan watanni bayan ƙungiya ta zaɓe shi. Pirates ta ɗauki Skenes a matsayin na ɗaya a zaɓen 2023 daga jami'ar LSU, don haka nasa yana cikin Bowman Draft na 2023. Wannan katin ba shi da tambarin RC, amma a yau manyan masu kuɗin harkar shi suka fi bi, musamman mai ƙyalli da ake kira Chrome in yana da sa hannu. Irinsa ne na Trout, na 2009, guda ɗaya tilo, aka sayar dala miliyan 3.9 a watan Agustan 2020.

Na biyu shi ne katin babban jerin Topps na takarda. Kashi uku yake fitowa: Series 1 wajen Fabrairu, Series 2 wajen Yuni, sai Update da kaka. Wanda ya shigo gasa bayan wasannin shekarar sun yi nisa galibi a Update yake bayyana. Skenes ya yi wasansa na farko ranar 11 ga Mayu, 2024, da Chicago Cubs, kuma a Update na shekarar aka sa shi. Shi ne katin talaka, shi ne kuma wanda kowa ya sani, wanda bayan shekara 20 mutane za su tuna in an ce katin wane na fari. Matsalarsa yawa.

Na uku shi ne Topps Chrome mai tambarin RC, wanda yawanci hoton babban jerin ne aka buga a kan takarda mai sheƙi da kauri. A nan ne ake samun sa hannu masu tsada, kuma a Chrome Update ne katin nan na dala miliyan ya fito.

A wajena, wanda ke farawa ya tsaya kan waɗannan ukun. Sauran, irin su katunan ado da ake cusawa cikin fakiti da na bikin wasan farko, ka saye su in suna burge ka, amma kada ka lissafa su cikin jari. Akwai kuma Topps Now, wanda aka fara a 2016: in ɗan wasa ya yi abin a zo a gani yau, gobe a sa katinsa a intanet na ɗan gajeren lokaci, galibi awa 24, a buga daidai yawan da aka yi oda, sannan a bayyana adadin. Tarkon a fili yake. Duk ranar da abin ya fi girma, ranar mutane suka fi yin oda, sai katin ya fi yawa, ya fi araha daga baya.

Lambar da ke jikin katin

Kati ɗaya yakan fito da launuka da yawa, kuma kowane launi da adadinsa. Ana buga adadin a jikin katin, misali 17/50, wato na 17 cikin 50 da ke duniya. A Bowman Chrome matakalar da aka saba ita ce: mai walƙiya 499, shuɗi 150, kore 99, ruwan zinare 50, ruwan lemo 25, ja 5, sai Superfractor guda ɗaya. A babban jerin Topps, ruwan zinare ana buga shi daidai lambar shekara, wato 2,024 a 2024.

Ga abin da sabon mai saye ba ya lura da shi. A 'yan shekarun nan an ƙirƙiro launuka da zane-zane barkatai, har ka ga mai lamba 75 ko 125 ko 199 da sunaye iri-iri. Ba duka kasuwa ke girmamawa ba. Tsofaffin launuka, zinare da shuɗi da lemo da ja marasa zane, sun fi riƙe daraja, har wani lokaci shuɗi mai lamba 150 ya fi wani sabon zane mai lamba ƙasa da haka kuɗi. Ƙarancin abu shi kaɗai ba ya sa shi tsada, sai in akwai masu nemansa.

Sa hannu ma iri biyu ne. Akwai wanda ɗan wasa ya riƙe katin ya sa hannu a kansa, akwai wanda ya sa a kan sitika aka manna daga baya. Na farkon ya fi daraja, kuma in ka karkata katin ga haske za ka ga gefen sitikar. A bayan kati mai sa hannun kamfani akwai rubutun da ke tabbatar da shi. Wanda aka kai wa ɗan wasa a bakin fili ya sa hannu, wannan wani abu ne dabam, ba ya da wannan shaida sai an kai shi an tantance.

Me ya sa ake wannan ƙididdiga haka? Saboda an taɓa shan wuya. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kamfanoni sun buga katuna ba adadi, mutane suka cika ɗakuna da kwalaye suna jiran su yi arziki. Yau mafi yawansu ba su kai kuɗin kwalin da aka zuba su ba. Ko shahararren katin Ken Griffey Jr. na kamfanin Upper Deck na 1989, na ɗan wasan da ya cika duk alkawarin da aka yi masa zato, ba ya tsada sai in ya fito tas ba tabo, don an buga shi da yawan gaske. Katin Mickey Mantle na Topps na 1952 da aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022 ya kai haka ne domin yaran wancan zamani wasa suka yi da nasu, iyaye suka zubar, 'yan kaɗan suka tsira da kyansu. Katin bana kuwa daga fakiti sai cikin leda, kowa na adanawa.

Farashin da aka biya, ba wanda aka yi talla ba

Kafin ka taya kowane kati, shiga kasuwar intanet ta eBay ka rubuta shekara, sunan jerin, sunan ɗan wasa, lambar katin da ke bayansa, da launinsa. Sannan ka danna wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar. Abin da mai kaya ya rubuta yana nema ba farashi ba ne, buri ne. Akwai wata dabara a nan: in an sayar da kati ta hanyar tayi, eBay kan nuna tsohon farashin an ja masa layi, ba ta nuna abin da aka daidaita a kai. Shafin 130point yana nuna wannan, kuma kyauta ne.

Ka duba ciniki biyar zuwa goma na baya-bayan nan, ka ajiye mafi tsada da mafi araha gefe, ka ɗauki tsakiya. Ka kula da kwanan wata, don a harkar sabon tauraro cinikin wata biyu da suka wuce tsohon labari ne. Ka kula kuma da abin da kake kwatantawa: wanda kamfanin tantance lafiyar kati ya ba cikakken maki 10, da mai maki 9, da wanda ba a tantance ba, kasuwa uku ce daban ko da katin ɗaya ne. In ka ga ciniki guda ya yi sama da sauran nesa ba kusa ba, kada ka gina lissafi a kansa. Ana samun masu sa abokansu su tura gwanjo sama, sannan ba a biya ba.

Ga katin da ba shi da yawa, kamar mai lamba 25, wataƙila ba za ka samu cinikin kwanan nan ba. Sai ka duba yadda wannan launin ke tafiya ga wani ɗan wasa mai irin matsayinsa, ka ga ninki nawa yake a kan wanda ba shi da launi, ka auna da shi.

Lokacin saye

Nan ne kuɗi ke zuwa, nan ne kuma yake tafiya. Ranar 25 ga Yuli, 2025, Nick Kurtz na ƙungiyar Athletics ya tsallakar da ƙwallo katanga sau huɗu a wasa ɗaya da Houston Astros, abin da babu sabon shigan da ya taɓa yi. Washegarin rana irin wannan ita ce mafi munin ranar sayen katin ɗan wasa. Kamar mai zuwa kasuwar raguna ne ana jajibirin Babbar Sallah: kowa ya fito, kowa na sauri, mai kaya ya san haka. Labarin da ka ji ya sa ka ɗoki, shi kowa ya ji, kuma ya riga ya shiga farashi tun kafin ka kunna waya.

Haka makon da sabon jeri ya fito. Katunan farko da suka shigo kasuwa suna tsada don ba su da yawa tukuna. Ka ba shi makonni, a buɗe kwalaye, kaya su cika, farashi ya zauna. Lokacin da na fi so shi ne Disamba da Janairu. An gama wasan ƙarshe a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, an raba kyaututtuka a tsakiyar Nuwamba, hankalin Amurkawa ya koma kan wasu wasannin. Da an shiga atisaye a Florida da Arizona a Fabrairu, zumuɗi ya dawo.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace nauyi: shin wannan yaron zai ɗore? Skenes ya gama 2024 da nasara 11 da rashin nasara 3, ya kori masu duka 170 a zagaye 133, matsakaicin makin da ake ci a kansa a kowane zagaye tara 1.96 ne. Shi ya buɗe wasan taurari na shekarar, ya ci kyautar gwarzon sababbin shiga, a 2025 kuma ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa. Duk da haka mai jifa ne, kuma tsofaffin 'yan kasuwar kati suna ɗari-ɗari da masu jifa saboda gwiwar hannu. Stephen Strasburg ya shigo a watan Yunin 2010 da hayaniyar da ba ta gaza ta Skenes ba, ya kori mutum 14 a wasansa na farko, an sayi wani katinsa guda sama da dala 16,000 tun kafin ma ya buga wasan. Watan Agusta bai ƙare ba jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa tiyata. Ya dawo, har ya zama gwarzon wasan ƙarshe na 2019, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 245, sannan jiki ya ƙi, ya yi ritaya a 2024. Can baya akwai Mark Fidrych na Detroit, wanda ya ci wasa 19 a 1976, Amurka duka ta ruɗe a kansa, amma a duk sauran rayuwarsa ta wasa 10 kawai ya ƙara.

Masu dukan ƙwallo sun fi kwanciyar hankali, musamman matashi mai ƙarfin tsallakar da katanga a ƙungiya mai magoya baya da yawa. Su ma ba tabbas. Fernando Tatis Jr. yana cikin waɗanda katunansu suka fi tashe, sai a watan Agustan 2022 aka dakatar da shi wasa 80 saboda haramtaccen magani, farashi ya rufto. Don haka ka duba shekarunsa, ka duba ko ya yi irin wannan ƙoƙarin a ƙananan gasanni ko kuwa wata biyu ne kawai na sa'a, kuma kada ka zuba duk abin da ka ware a kan mutum ɗaya.

Kati ɗaya ko kwali

Sayi katin da kake so kai tsaye. Kwali rufaffe daɗin buɗewa gare shi, amma kamfani ya lissafa shi yadda mafi yawan masu buɗewa ba za su mayar da kuɗinsu ba, kuma yana wallafa yiwuwar samun kowane irin kati, ka karanta ka gani da idonka. Yaron Los Angeles mutum ɗaya ne cikin ɗimbin waɗanda suka buɗe. Akwai kuma masu buɗe kwalaye kai tsaye a intanet, ka biya kuɗi a jefa ƙuri'a a ba ka ƙungiya, duk katin ƙungiyar da ya fito naka ne, in bai fito ba ka tashi hannu rabbana. Wannan ya yi kama da caca ƙwarai, kuma wanda ke kiyaye addininsa ya tambayi malaminsa kafin ya shiga. Sayen kati sananne a farashi sananne bai da wannan shubuhar.

Duba lafiyar katin

Abu huɗu ake dubawa: daidaiton hoto a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuska. Ka nemi hoton gaba da baya masu haske, ka buɗa su sosai. Farin ɗigo a kusurwa, ko gefe mai ɓarɓashi, ko layin injin buga takarda a kan mai sheƙi, kowanne na rage maki. Daidaito shi ne mafi sauƙin gani a hoto: in bakin hagu ya fi na dama faɗi a fili, katin ba zai samu 10 ba. PSA, kamfanin da ke ba kati maki, na neman faɗin bakunan biyu ya zama kusan 55 da 45 a fuska. Mai kaya da ya sa hoto ɗaya mai duhu, ko ya ɗauko hoton kamfani maimakon na katin da ke hannunsa, wuce shi.

Jabu ya fi yawa a katuna masu tsada. Ka karanta bayanin talla har ƙarshe, don wasu kan ɓoye haruffan RP a can ƙasa, ma'ana sake bugawa aka yi. Akwai kuma masu aske gefen kati da reza don ya yi kaifi, abin da ya tayar da ƙura a 2019 har hukumar FBI ta shiga bincike. Katin da aka tantance yana cikin gidan roba a liƙe da lambar shaida. Ka kwafi lambar ka sa a shafin kamfanin, ka tabbatar bayanin ya dace da abin da kake gani. A Amurka eBay kan bi da katuna masu tsada ta hannun masu tantancewa kafin su isa ga mai saye.

Kai kati a ba shi maki

Manyan masu wannan aiki su ne PSA, Beckett, SGC da CGC, duka a kan ma'aunin 1 zuwa 10. A katunan zamani PSA ce ta fi jan kuɗi wajen sayarwa. Beckett kan rubuta makin kowane ɓangare huɗu daban, in duka suka zama 10 ta sa baƙin tambari, wanda samunsa ke da wuya.

Ba kowane kati ya cancanci a kai shi ba, kuma lissafin ba shi da wahala. A ƙaddara, don misali kawai, ka sayi kati dala 20, tantancewa da aikawa suka ci 30, ka kashe 50 kenan. Mai maki 10 ana sayar da shi 90, mai 9 kuma 30. In ka samu 10, bayan eBay ta cire kusan kashi 13 cikin 100, kana da kamar 78, ribarka 28. In 9 ta fito, 26 za ka karɓa, ka yi asarar 24. Wato sai fiye da rabin katunanka sun samu 10 kafin wahalar ta biya ka yadda ya kamata. A katin zamani maki 9 sau da yawa bai fi wanda ba a tantance ba da komai.

Kafin ka yanke shawara, buɗe ƙididdigar da kamfanin ke wallafawa kyauta, mai nuna guda nawa na wannan katin suka samu kowane maki. In masu 10 sun kai dubbai kuma kullum ƙaruwa suke, farashinsu zai riƙa sauka ko da ɗan wasan na ƙoƙari. Haka ta faru bayan haukan kasuwa na 2020 da farkon 2021, lokacin da kaya suka yi wa PSA yawa har ta dakatar da karɓar mafi yawan aikinta na ɗan lokaci. Da katunan suka fito daga layi suka cika kasuwa, na gama-gari suka faɗi warwas. Sau da yawa sayen wanda aka riga aka ba 10 ya fi arha a kan ka yi ta gwada sa'arka.

In za ka aika, sa katin a leda mai laushi, sannan a cikin robar nan mai ɗan lanƙwasuwa da kamfanonin ke buƙata. Ka goge yatsa a kan mai sheƙi da ƙyalle mai taushi, a bushe. Kada ka shafa masa komai, kada ka danne shi don ya miƙe, domin in sun gane an taɓa shi ba za su ba shi maki ba.

Ajiya da ɗauko kaya daga nesa

Kowane kati leda mai laushi tukuna, sannan roba mai tauri. Ta gama-gari ita ce mai lamba 35, masu ƙyallen riga a ciki suna buƙatar mai kauri, 100 ko 130 ko fiye. Kada ka tura kati da ƙarfi cikin robar da ta yi masa kaɗan. Rana tana kashe launi da tawadar sa hannu, laima kuma tana lanƙwasa masu sheƙi. Wanda ke zaune a Kano ko Zinder ko Kumasi yana fama da abu biyu, laimar damina da ƙurar hunturu, don haka akwati mai rufuwa ruf da 'yan ƙullin maganin laima a ciki, a ɗaki mai sanyi, nesa da taga.

Gaskiyar magana, kasuwar wannan kaya tana Amurka, sai Kanada da Japan da wasu 'yan wurare. In kana nesa, kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala za su iya cinye duk ribar ƙaramin kati, kuma ranar sayarwa sai ka sake mayar da shi can. Mafita ita ce ma'ajiya. PSA tana da tata a jihar Delaware, Fanatics Collect tana da tata a Oregon, jihohin da ba a karɓar harajin saye. Kasuwar katuna ta intanet mai suna COMC ma tana riƙe maka katuna har ka tara su a aiko maka a ƙunshi ɗaya, ko ka sake sayar da su ba tare da sun taɓa hannunka ba. Ka karanta sharuɗɗansu, ka tabbatar suna karɓar mutanen ƙasar da kake da irin katin bankinka kafin ka fara saye. Wanda kake so don kallo, shi kaɗai za ka sa a kawo gida.

Sayarwa

Tun ranar saye ka rubuta a littafi: wane kati, nawa, kwanan wata, kuɗin aikawa, da farashin da in ya kai za ka saki. Ranakun sayarwa su ne irin waɗanda muka ce kada a saya: ranar da aka kira ɗan wasa babbar gasa, makon wasan taurari a Yuli, daren da ya kafa tarihi, kwanakin da ake jiran sanar da kyauta. Sau da yawa farashi ya fi tsayi kafin sanarwar a kan bayanta. In kana da guda biyu iri ɗaya kuma kuɗin ya ninka, saki ɗaya ka mayar da uwar kuɗinka, ka riƙe ɗayan. Riƙo na dogon zango kuwa sai ga mai lamba ko mai sa hannu, don kafin a sa ɗan wasa a zauren gwaraza na Cooperstown sai ya buga aƙalla shekara 10, ya yi 5 da ritaya, sannan ya samu kashi 75 cikin 100 na ƙuri'a.

Katin da ake ciniki a kansa kullum, sa shi gwanjon kwana bakwai ya ƙare da yamma a agogon Amurka, lokacin da masu saye ke farke. Wanda ba shi da yawa, sa masa farashi ka buɗe ƙofar tayi, ka yi haƙuri. Mai tsada sosai a kai shi gidajen gwanjo irin su Goldin ko Heritage, a daidaita kasonsu tun kafin a miƙa. Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka nuna duk tabon da ke jiki da bakinka, ka sa katin tsakanin kwali biyu masu tauri, ka aika da lambar bin sawu, in ya wuce abin da za ka iya jure asararsa ka biya inshora.